Zabuwa Ba Kuloci

Zabuwa mota ce 'yar ƙarama, ruwan toka, mai ƙofa biyu, irin wadda ƙarti huɗu za su ɗaga bayanta su juya ta in ta tare hanya. Baba ya saye ta tun kafin ya yi aure. A shekara arba'in da ɗoriya da ya yi yana kanikanci, babu hannun da ya taɓa kwance mata noti sai nasa. Ko Bahago, wanda ya koyi aiki a wurinsa, ya gaji garejin, ya kuma auri autarsa, iyakarsa da ita wanki.

Sai ciwo ya kwantar da Baba. Bayan wata huɗu ya tashi, baki ya dawo daidai, hannuwa ma haka, amma ƙafar hagu ta ƙi. Ranar da ya shiga Zabuwa ya nemi taka kuloci, sau uku ƙafar tana zamewa. Ya fito, ya rufe ƙofa a hankali, ya ce a lulluɓe ta da tamfal.

Auta ce ta kawo wa mijinta labarin. Ta ce, "Baba fa ba ya cin abinci. Yaya ya ce zai saya masa sabuwa mai canja giya da kanta, Baba ya ce shi bai yi da kowa yana neman mota ba."

Bahago ya ce, "Gaskiyarsa. Ba mota yake nema ba, tasa yake so."

"To ya za a yi?"

"An ma soma yi."

Mako biyu ke nan yana zirga-zirga wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Can ya tarar da wata ƙaramar motar kaya da aka buga wa baya har ta naɗe, amma injinta lafiya lau, da giyarta atomatik mai canja kanta, kuma tayoyin baya take turawa kamar Zabuwa. Ya auna injin, ya auna giyar, ya rubuta a jikin kwalin filogi. Ya kuma faki idon Baba ya ɗaga tamfal ya auna cikin bonet. Sau biyu ya yi lissafin, amsa ɗaya ta fito.

Da hantsi ya je gidan, ya tarar da Baba a ƙofar ɗaki, sanda a kan cinya. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi ba kwana-kwana.

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Ka san sau nawa na kwance injin nan na ɗaura?"

"Sau shida, Baba. Uku ina riƙe maka sifana."

"Shi za ka ciro ka yar?"

"Ba zan yar ba. Zan wanke shi, in shafa masa mai, in ɗora shi kan katako. In aikin bai yi maka ba, kwana biyu na mayar maka da shi. Kuma ba zan yanki jikinta ba sai ramin giya, faɗin tafin hannu."

"In ta ƙi fa?"

"Ba za ta ƙi ba."

Baba ya murza kan sandarsa. Can ya ce, "Ba a ƙwace wa yaro garma. Ku ja ta, amma ƙafarta ƙafata."

Haka aka yi. Aka ajiye masa kujera a inuwar kwano, daidai inda zai hango cikin bonet. Bahago ya rataya kaca, ya zaro tsohon injin ya kwantar da shi a hankali kamar jinjiri. Washegari shi da mai walda suka yanka sababbin ƙafafun da injin zai zauna a kai, suka zura sabon. Giyar ta shige raminta ba gardama. Amma ta gaba, fankar injin ta tokare lagireto, bonet ya ƙi rufuwa.

Baba ya yi dariya, ta farko tun da ya tashi daga ciwo. "To, mai lissafi! Ka sa wa kaza wandon raƙumi."

Bahago ya miƙe. Ya shiga ɗakin kaya ya fito da kwali, ya buɗe a gabansa. Fanka ce siririya mai aiki da lantarki. Ya kwance fankar jikin injin, ya ɗaura wannan a gaban lagireto, sai ga rata ta yatsa uku. Bonet ya rufu ƙaras.

Mai walda ya ce, "Baba, ashe wandon ya shiga."

"Kai yi waldarka," in ji Baba.

Da aka sauke ta daga jak, wata matsala ta fito. Sabon injin da giyarsa sun fi tsohon nauyi, Zabuwa ta duƙar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Bahago ya san za a yi haka, ya ma tanadi sifirin masu tauri.

Baba ya ɗaga sanda. "Ajiye su. Ka sa mata waɗannan, sitiyari zai yi maka nauyi, kuma duk rami sai ta yi tsallen kwaɗo. Motar nan rashin nauyinta ne daɗinta. Mai da batir baya. Tayar ko-ta-kwana ma da ke gaba, baya."

Bahago ya tsaya ya dubi motar ta gefe. Nan take ya ga tsohon ya fi shi gaskiya, bai kuwa ji kunyar faɗa ba. "Wannan kam ka kayar da ni, Baba." Ya ja waya mai kauri ta ƙarƙashi har but a bayan motar, ya gina wa batir akwati. Zabuwa ta ɗago kai, saura kaɗan, aka cike da sifirin mai ɗan dama-dama.

A kan farfela suka saɓa, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Sabuwar giyar ta fi tsayi, dole a rage farfelar. Baba ya ce a kawo zarto da zare, a yanka a nan, mai walda ya haɗa, shi zai daidaita da ido yadda ya saba.

Bahago ya goge hannu da tsumma. "Baba, wannan kam a'a."

Mai walda ya sauke gilashinsa ya shiga neman abin da bai ɓata ba.

"Me ka ce?"

"Idonka ya ishi tsohon injin. Wannan ya fi shi saurin juyi nesa ba kusa ba. In farfela ta karkace ko da kaurin gashi, za ta girgiza motar har haƙoranka. Wurin mai injin juya ƙarfe zan kai ta."

Baba ya dogara sanda ya miƙe, ya ce a nemo masa abin hawa. Washegari bai zo ba.

Da Bahago ya koma gida cin abincin rana, Auta ta tare shi a bakin ƙofa. "Me ka yi wa ubana?"

"Na ce masa a'a."

"To ƙara ce masa. Inna ta ce kwano biyu ya cinye yau, yana ci yana zaginka."

Rana ta uku sai ga shi. Farfelar tana kwance kan benci, an yanke, an haɗa, an daidaita. Ya sa aka sauke masa ita kan siminti, ya tura ta da sanda. Ta gangara sumul har bango, ba ko ɗingishi. Ya sa aka dawo da ita, ya sake turawa. Sannan ya ce, "Ɗaura."

Da safe aka tayar da ita. Murzawa ɗaya injin ya kama, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Baba ya ce a ba shi kofin ruwa. Kowa ya ɗauka sha zai yi, sai ya dasa shi kan tudun da ke tsakanin kujeru, saman farfela. Ya zauna mazaunin direba, ya ɗago ƙafar hagu da hannu biyu ya shigar da ita. Bahago ya zauna gefe.

"Taka birki, ka ja sandar giya zuwa nan. Shi ke nan, Baba."

"Ni za ka koya wa tuƙi?"

Suka fita daga layin garejin, suka wuce masu faci da shagon fenti, suka hau babban titi. Baba ya taka totur. Zabuwa ta zabura har bayansa ya manne da kujera, ya yi salati yana murmushi. Injin ya ɗaga murya, lokacin canja giya ya yi, sai Bahago ya ga ƙafar hagun nan ta ɗaga da kanta, kamar yatsa biyu daga ƙasa, tana laluben kulocin da babu. Giyar ta canja abinta. Ƙafar ta koma ta kwanta.

Baba ma ya gani. Bahago kuwa ya mai da ido kan titi.

Sun yi nisa kafin Baba ya saci kallon kofin. Ruwan yana rawa kaɗan-kaɗan, amma ko ɗigo bai zuba ba. Ya ƙara wuta, ya sake dubawa. Sannan ya ɗauki kofin da hannu ɗaya ya shanye.

A dawowa ya tsaya daidai ƙofar gareji, bai kashe injin ba.

"Salansar nan ta cika surutu, a rage mata. Kuma birkin gaba yana so ya fi haka kamawa, tunda yanzu ta iya gudu."

"Na riga na yi odar manya, jibi za su iso."

"To sauka, mutane na jiran motocinsu."

"Kai kaɗai za ka tafi?"

"Innarku ta kwana biyu tana cewa a kai ta gidan ƙanwarta. In na tsaya hira da kai, sai ta canja mayafi sau uku."

Bahago ya sauka ya rufe masa ƙofa. Baba ya duba madubi, ya ba da hannu ta taga ko da yake babu kowa a bayansa, ya karya kwana ya hau titi. Mai walda ya zo ya tsaya kusa da Bahago suna kallo har ta shige tsakanin manyan motoci.

"Anya ba za ka bi shi a babur ba?"

Bahago ya ɗauki sifana daga kan benci. "Bar shi. Zo ka riƙe min bonet ɗin mai tasin nan, tun jiya yake kira."