Gidan Direba Idan Ba Ya Nan

Direba ya jingina wayarsa a jikin sitiyari, ya ɗage gilasan mota, ya gyara wuyan riga kamar mai shirin ɗaukar hoto. Hutun rana ne, sauran direbobin kamfanin suna ƙarƙashin rumfa suna cin abinci.

"Ɗalibi, a gaida mana Malama!" in ji ɗayansu yana bubbuga bonet ɗin motar.

Ko kallonsa bai yi ba. Sai da furfura ta fara leƙo gemunsa ya shiga karatun sakandare ta intanet, don an ce ba mai zama shugaban direbobi sai da takardar. Lissafi na ba shi wuya, Turanci kuwa sai addu'a, amma ilimin zamantakewa, wannan nasa ne. A ganinsa ai riƙon gida ne aka mayar littafi, shi kuwa a nan ya fi ƙwarewa.

Fuskokin 'yan aji suka bayyana ƙanana-ƙanana: mai gyaran gashi, wani mai gadi, da 'yan mata biyu sa'o'in 'yarsa. Malama ta tuna musu aikin makon, wato kowa ya lura da yadda wasu mutane ke mu'amala a tsakaninsu, ya zo ya ba da bayani. Kafin ta rufe baki Direba ya ɗaga hannu.

"Malama, ni ban tsaya dogon rubutu ba. Jiya da rana na ɗora tsohuwar wayata a kan kabad ɗin falo tana naɗar murya, na fita wankin mota. Ga ta nan."

"Ka nemi izinin mutanen gidan?"

"Izini? A gidana?" Ya yi dariya har da girgiza kai.

"Ka dai saurara kafin ka kawo mana?"

"Me zan saurara, Malama? Gidana ko allura ta faɗi sai kin ji. Tarbiyya ce zalla. Bari yaran nan su ji su ƙaru."

"Dakata tukuna…"

Ina! Ya riga ya danna, ya kara tsohuwar wayar a bakin sabuwar.

Aka ji an ja ƙofa, aka ji kacau-kacau ɗin makullansa yana nisa. Sai tsit. Direba ya gyaɗa wa 'yan aji kai, irin na kun gani ko. Can sai wata mace ta saki waƙa, murya zaƙo-zaƙo.

"Rediyon maƙwabta ne," in ji shi.

Sai mai waƙar ta katse, ta ce wa Auta ya miƙo mata tsintsiya. Direba ya gane muryar. Matarsa ce! Tunda ya auro ta bai taɓa jin ta yi waƙa ba, ko ta rarrashin jariri. Wani ya kama kiɗa da murfin tukunya, falo ya kaure da shewa. Daga nan wata murya ta yi kauri, ta yi gyaran murya sau biyu, sak yadda yake yi.

"Wa ya bar fitilar nan a kunne da rana tsaka? Ubanku ne ke da kamfanin wuta?"

Babbar 'yarsa ce. Ita da ba ta haɗa ido da shi, wadda yake gaya wa mutane kunya ta yi mata yawa. Dariyar da ta fi ta kowa ƙarfi kuwa ta mahaifiyarsa ce, tsohuwar da kullum yake tararwa kwance tana kukan ƙirji.

"Wayyo cikina! Sake, ja'ira, sake! Yi mini tafiyarsa!"

Mai gyaran gashi ta toshe baki da mayafi. Direba ya kai hannu zai kashe, sai ya tsaya yana saurare. Innalillahi, wane gida ne wannan? Su waye waɗannan mutanen masu daɗin zama?

Kwatsam Auta ya yi raɗa: "Makullai! Baba ne!"

Gudu, jan kujera, murfin tukunya ya koma mazauninsa. Sai shirun nan da ya sani, shirun da ya shekara yana alfahari da shi a rumfar direbobi. Aka turo ƙofa, aka yi gyaran murya sau biyu, sannan muryarsa ta ainihi ta fito.

"Wa ya bar fitilar nan a kunne da rana tsaka?"

Mai gadi ya tuntsire har wayarsa ta faɗi. Malama ta yi maza ta rufe muryar kowa, ta bar tasa kawai.

"Malam, ka goge wannan, ka kuma nemi afuwarsu," ta ce a hankali. "Kada ka sa a ranka. Darasinmu na gaba ma a kansa yake: kowa na da fuskar da yake nuna wa baƙi, da wadda yake ajiye wa na gida."

"To ni, Malama," in ji shi, "a cikin biyun wanne ne, baƙo ko na gida?"

Bai jira amsarta ba. Shi ya kashe wayar da kansa.

Da yamma, da ya ɗauko manajan kamfanin, ya wuce kwanar gidan manajan bai sani ba, sai da aka daka masa tsawa. Da fari ransa ne ya ɓaci, ya rantse yau sai 'yan gidansa sun gane kurensu. Amma kafin ya ajiye mota fushin ya zube, abin da ya rage tsoro ne da kunya. Kwaikwayon bai yi masa ciwo ba, ai yarinyar ta iya. Gudun nan ne ya tsaya masa a wuya.

Da ya iso bakin ƙofa ya dunƙule makullan a tafin hannu don kada su yi ƙara. Daga ciki ana waƙa, ana tafi. Ya daɗe a tsaye yana saurare kamar maƙwabcin da ya zo aron wuta, sannan ya tura ƙofar ya yi sallama.

Waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Tsohuwa ta zame ta kwanta, ta dafe ƙirji.

"Sannu da zuwa, Baban yara," in ji matarsa tana gyara ɗankwali. "Ba mu ji shigowarka ba."

Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa tsakiyarsu, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi ƙoƙarin murmushi, fuskar ba ta saba ba, sai abin ya fito kamar na mai ciwon haƙori. Ya yafito babbar 'yarsa.

"Zo, Uwata. Yi mini yadda nake faɗan fitila, ni ma in yi dariya."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi kakarta. Ta matso a hankali ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri," ta ce. "Wallahi ba zan ƙara ba."