Katin Toai

"Ba ni katin nan, ɗan boko," in ji Kofur Khiem. "Ba za ka aika wa tsohuwa gaisuwar gawa ba."

"Alkawari na yi masa, Yaya."

"Rubutu aka koya maka, ban da hankali!"

Daga tashar Haiphong jirgin ruwanmu ya taso, za a kai mu mu taya Faransawa yaƙi. Ni ke rubuta wa 'yan ɗakinmu katin gida. Da zazzaɓi ya kayar da Toai, ɗaya daga cikinsu, ya sa na rubuta biyar, duk magana ɗaya: "Inna, lafiyata lau, ina ƙoshi." Ya ce in aika ɗaya a kowace tasha. Shekaranjiya aka naɗe shi a bargo, aka zura shi teku.

Yanzu ga mu a tashar Colombo, ana karɓar wasiƙu.

Khiem ya zauna kan bokiti, ya sassauta murya. "Ko kabari ba shi da shi. Ranar mutuwarsa kaɗai ta rage masa, uwarsa ta riƙa kunna turare, tana ajiye masa shinkafa duk shekara. In ba ta san ranar ba, da yunwa kurwarsa za ta yi ta yawo."

Na gaji. Na juya katin. Hoton jirgin ne, fes, ba amai ba ƙwarƙwata. Na sake juya shi. Ƙasan gaisuwar akwai ɗan fili da zai ɗauki kwanan wata.

Mai buhun wasiƙu ya girgiza shi a gabana. "Malam, za ka saka ko in ɗaure?"