Allurar Da Bai Faɗa Ba

Kafinta ne, mutum mai ƙirar ƙarfi, amma ciwon suga ya daɗe yana cinsa a hankali. A 'yan shekarun nan jikinsa ya yi sanyi. In ya dawo daga shago sai ya zube a kujera, ko hira ba ya iyawa. Kwatsam kuma ya farfaɗo, ya koma ɗaga katako shi kaɗai, yana bin matarsa har kicin da tsokana. Ta yi murna, ba ta tambayi dalili ba.

Ran nan da hantsi yana goge wata ƙofa numfashinsa ya sarƙe. Ƙanensa Auta, mai gidan motsa jiki a bayan layinsu, shi ya sa shi a mota, suka biya suka ɗauki matar.

A ɗakin gaggawa na asibiti aka sa masa robar iska a hanci. Likitar, wata mace mai gilashi, ta danna ƙaurinsa da yatsa. Wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Da sakamakon jini ya fito ta ja kujera kusa da gadon.

"Jininka ya yi kauri, ya kuma hau. Ruwa ya taru a jikinka, ƙodarka tana wahala. Ban da maganin suga, me kake sha?"

"Babu," in ji shi.

"Babu komai, likita," in ji matar. "Ni nake ba shi magani da hannuna."

Likitar ba ta ɗauke ido daga kansa ba. "Malam, ba faɗa zan yi ba. Amma in ban sani ba, zan iya ba ka abin da zai ƙara lalata ƙodar."

Na'urar da ke gefen gadon tana ta ƙara. Kafinta ya juyar da kai bango. Auta, da ke tsaye bakin ƙofa, ya share gumi.

"Yaya, ka faɗa mata."

"Rufe mini baki."

"Wallahi in ba ka faɗa ba ni zan faɗa."

Matar ta juyo. "Auta, me ka sani da ban sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Allura ce, Anti. Testosteron, ta ƙarin ƙarfin maza. Ni nake yi masa a ofishina. Da ya ga ta karɓe shi, sai ya ce in ninka."

Matar ta dafa ƙarfen gadon.

"Wa ya auna shi kafin ku fara?" in ji likitar.



Likitar ta miƙe tana ba nas umarni da sauri, sannan ta dubi kafinta. "Akwai mazan da muke ba wa wannan allurar, har da masu suga. Amma sai an auna an ga suna buƙata, ana kuma bin jininsu da zuciyarsu. Kai a makance aka yi maka. Daga yau an tsaya."

"Ƙodar za ta dawo?" matar ta tambaya.

"Ban sani ba tukuna. Sai mun ga yadda fitsari zai fita."

Haka suka wuni, ido a kan jakar fitsarin da aka rataye masa a gefen gado. Auta ya kasa zama, ya kasa tafiya. Sai da yamma ta yi nas ta ɗaga jakar ta ce, "To, ƙodar ta fara aiki."

Kafinta ya cire robar hancin, ya kamo hannun matarsa. "Kunya ce. Gani na yi na zama kaya a gidan, ke kuma ba kya cewa komai."

"Mai da robar nan, Baban yara," ta ce. "In ka warke za mu yi maganar, kuma ba da daɗi ba."

An sallame shi bayan 'yan kwanaki, ƙodar ba ta koma daidai ba amma ya tsira daga wankin ƙoda. Auta kuwa ya daɗe bai tako gidan ba, sai da matar da kanta ta aika a kira shi.