Gatarin Inna

Magaji, malamin daji a Bukkuyum, ya kwana biyu yana haddace sunayen tsuntsaye, don an ce sabon Darakta, Alhaji Bature, ya fi son tsuntsu da mutum. An kuma ce ya kori malaman daji biyu a Gummi saboda suna barin danginsu su sari icce a gandun gwamnati.

Da hantsi shi da Darakta suka shiga gandun da ke bayan ƙauyen Gwashi. Farkon damina ne, albasar kwaɗi ta yi fure fari fat a bakin rafi. Darakta na rataye da madubin hangen nesa, kowane taku sai ya tsaya.

"Waccan fa?"

"Cilakowa ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. Kai ka san aikinka."

Magaji ya ji kamar an ƙara masa girma. Ya nuna tsirya, ya nuna zalɓe, har wata kurciya da ba ta yi komai ba sai da ya yabe ta.

Sai suka ji sara. Darakta ya ɗaga madubi, ya daɗe yana kallo, ya miƙa masa. Magaji ya duba. Bai taɓa ganin fuskar mahaifiyarsa kusa haka ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da ta haife shi ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, saboda kunyar ɗan fari. Ga ta tana gumi, tana saran reshen marke.

Suka ƙarasa. Inna ta ajiye gatari, ta durƙusa ta gai da Darakta, ta kau da kai daga ɗanta kamar kullum.

"Ka san tsohuwar nan?" in ji Darakta.

Magaji ya duƙar da kai. Akwai wani ɗan fure shuɗi kusa da takalminsa, ya ƙura masa ido kamar shi aka aiko shi ya duba. Ya san Inna ba za ta ce komai ba. Al'adar da ya yi ta kushewa a jami'a, yau ita ce ta rufa masa asiri.

"Irinta suna da yawa, ranka ya daɗe," ya ce.

"To, karɓe gatarin."

Ya sunkuya ya ɗauka. Inna ta miƙe a hankali, ta karkaɗe zanenta, ta dubi Darakta.

"Ranka shi daɗe, ce ma yaron nan naka shi riƙa a hankali. Ƙotar ta yi sako-sako, kar shi ji ciwo."

Ta bar iccen a wurin, ta kama hanyar gida.

"Tsohuwa mai ladabi," in ji Darakta. "Da ma 'ya'yanta za su riƙa saya mata icce."

Magaji ya ce haka ne, ya gyara riƙon gatarin yadda aka ce, ya bi bayansa.