Gadon da Aka Yanke wa Ƙafafu

Direba yana kan ƙafa ta uku ke nan, zarto na cin katako, sai ga 'yar Tela ta turo ƙofa da jakar magunguna a hannu. Ta ga gadon mahaifinta a kife a tsakar ɗaki. Ta ga tsohon a kan kujerar keken ɗinkinsa yana haki, ɗan karensa a cinya.

"Kawu, me nake gani haka?"

"Tambayi ubanki," in ji Direba, ko ɗagowa bai yi ba. "Ni aiki aka sa ni."

Shekara talatin suna maƙwabtaka, ƙofa na kallon ƙofa. Amma tun da Tela ya tsinto karen nan ya sa masa suna Maɓalli saboda ƙanƙantarsa, Direba bai taɓa kai hannu jikinsa ba. Sati guda kafin wannan rana Maɓalli ya diro daga gado, jijiyar da ke riƙe gwiwarsa ta baya ta tsinke. Likitan dabbobi ya yi masa aiki, ya kafa sharaɗi: sati takwas ba tsalle, ba gudu. In ya sake dira, ƙafar ta tafi ke nan. To, Maɓalli bai san wani makwanci ba sai bayan gwiwoyin maigidansa. Sai Tela ya yanke hukunci cewa tunda kare ba zai hau ba, gado ne zai sauko.

'Yar ta faɗi duk abin da ke bakinta. Ta ce zuciyarsa ta kumbura, ruwa ya taru a huhunsa, gado na jiransa a asibiti. Ta ce mutumin da tashi daga kujera ke ba shi wuya, yaya zai tashi daga ƙasa?

Tela ya bari ta gama tsaf.

"Likitansa ya ce sati takwas. Nawa likitan ya ce wata biyu in na yi sa'a. Kin ga bakinsu ya zo ɗaya."

"Baba, kare ne fa."

"Na sani, ni na yi masa suna. Ba inda za ni sai na ga ƙafar nan a ƙasa."

Direba ya sa zarto a ƙafa ta huɗu.

Ɗinkin ƙarshe da Tela ya yi a duniya ɗamara ce. Daga tsohon wandonsa ya yanko ta, ya yi mata hannu biyu. A sa ta ƙarƙashin cikin kare, a ɗan ɗauke masa nauyin baya, a zaga baranda da shi minti biyar, sau uku a rana. Sati biyu yana yi da kansa, hannu ɗaya a ɗamara, ɗaya a bango. A na uku tashi ya gagara. Ya ƙwanƙwasa bango da almakashi har Direba ya leƙo.

Direba ya ce shi dai an san shi, ba ya riƙe kare.

"Wa ya ce ka riƙe kare? Tsumma za ka riƙe. Shekara arba'in kana jan tirela, wannan ce za ta gagare ka?"

Haka aka koma. Ƙofa a buɗe, Tela a jingine da matashin kai uku, yana ba da umarni kamar mai horon ɗan koyo. Ka ɗaga shi da yawa. Sassauta, bar shi ya ji nauyin kansa. Kana sauri. Ran nan Direba ya ƙule, ya ce in ya fi shi iyawa ya taso. Tela ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da 'yar ta zo ta dafa masa baya tana hararar su duka biyun.

A sati na shida, da la'asar, Maɓalli ya sauke ƙafar, yatsun suka shafi siminti, ya sake naɗe ta. Idon Tela ya riga ya yi rauni, ba ya gani daga inda yake.

"Ya taka?"

Direba ya dubi fuskar da ta zabge, ya dubi karen. Ƙarya ɗaya da ta wadatar, amma shekara talatin bai taɓa yi masa ba.

"Ya dangana yatsu. Bai taka ba."

"To, da saura," in ji Tela, ya gyara kwanciya.

Bai kai ba. Ranar Talatar sati na bakwai, da hantsi, ya cika, 'yarsa na riƙe da hannunsa, karen na kwance a bayan gwiwoyinsa.

Da mutane suka watse, mijin 'yar ya ce ya samo mai gona da zai karɓi karen, gobe za a jefa shi bayan mota. Direba ya miƙe daga inda yake zaune. Ya ce saura kwana tara sati takwas ɗin ya cika, kuma shi ya san abin da gargada ke yi wa kaya a bayan mota, ba mai ɗora shi ko'ina.

"Kawu, kai da ba ka taɓa kare?" in ji 'yar.

"Har yau ban taɓa ba. Miƙo min tsumman."

Ran kwana na tara, suna tsakiyar baranda, Direba ya ji ɗamarar ta yi sako-sako a hannunsa. Ya duba ƙasa. Ƙafa huɗu, duka a kan siminti. Ya zare tsumman a hankali. Maɓalli ya taka shi kaɗai, da ɗan ɗingishi, har bakin ƙofar Tela da ke kulle. Ya shinshina ƙasanta, ya kwanta.

Direba ya rataye ɗamarar a ƙusa, ya shiga ɗakinsa ya bar ƙofa a buɗe. Ya sauke katifa, ya kifa gadonsa, ya ɗauko zarto. Garin katako ya fara zuba a kan siminti.