Kwamfutar Mujaheed Ranar Rabon Gado

"Sake dannawa, Yaya. Don Allah sake dannawa."

"Zakiyya, sau nawa? Na danna hay yatsana ya gaji. Ko ƙyas ba ta ce ba."

Abdulƙadiri ya share gumi da hannun riga. Yayanta ne, mai gyaran waya a kasuwar Goronyo, kuma tun hantsi ya baro rumfarsa ya hawo babur zuwa Wurno saboda kukan da ta yi masa. A gabansa kwamfutar mijinta ce, Mujaheed, wanda mota ta kaɗe a hanyar Rabah. Jiya Zakiyya ta fita takaba. Yau bayan la'asar malam zai zo rabon gado.

Abu ɗaya take so a cikin wannan akwatin ƙarfe, muryarsa. Tun suna neman aure yake rubuta mata waƙoƙi, ya karanta da muryar nan tasa mai ɗan kaushi, ya adana. Wani lokaci ya yi tuntuɓen harshe ya fashe da dariya, ya bar dariyar a ciki. Wayarsa ta ragargaje tare da shi a kan kwalta. Ɗiyarsu Mahbuba wata bakwai gare ta, ba za ta tuna ko sallamar ubanta ba.

"Ko wutar ce ba ta zuwa?"

"Ga janareta can yana ta ihu. Na sa cajar waya ta kawo. Na canza igiya, na duba makunnin baya. Mi kike so in yi, in yi mata tohi?"

"In tohin zai tashe ta, yi."

Bai yi dariya ba. Ya kwance kusoshi ya zare murfin. Warin albasa ya buso, domin a ɗakin aka zuba albasar bana duk tsawon takabarta, kwamfutar na lulluɓe da zane a lungu. Ɓawo, kashin ɓera, sai kuma gidajen zanzaro har uku, laka ta daskare a cikin akwatin da ke raba wuta, ta riƙe fankar gam. Ya kankare da bakin sukudireba, ya hura, ya haɗa wayoyi biyu da guntun ƙarfe. Zakiyya ta ɗauke numfashi tana kallon fankar kamar mai kallon ƙirjin majinyaci.

Fankar ba ta motsa ba.

"Akwatin wuta ya mutu," in ji shi a hankali. "Wataƙila da allon cikin duka. Amma kin ga wanga?" Ya nuna wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu. "Nan komi yake. In da rabo, a Sakkwato za su iya hiddo muryar."

"To ciro shi! Ciro ka ba ni in sa cikin zane, wa zai sani?"

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. "Kayan gado na, Zakiyya. Da haƙƙin marainiya ciki, da na tsohuwa tai. Ko kusa guda ba ni ɗauka kahin a raba."

Ta durƙushe a kan ɓawon albasa, kukan da ta yi wata huɗu tana haɗiyewa ya ƙwace mata. Ashe mutum na iya mutuwa sau biyu, na biyun a gabanka da rana tsaka.

Sallama aka yi a bakin ƙofa. Yari ne, wan marigayin, da hula a keya.

"Ta tashi? Ai na ce muku. To malam ya iso, yana zaure. Mataccen abu ba a sa shi cikin kason kowa. Ga mai sayen gwangwan nan waje da kura tai, ya ɗauka, a zuba abin da ya bayar cikin gado a huta."

"Gudumarsa zai sa mata," Abdulƙadiri ya faɗa can ƙasa.

Zakiyya ta miƙe. Ta ja hijabi ta goge fuska, ta ratsa tsakanin mazan biyu ba ko takalmi, ta tsaya a bayan labulen zaure. Ta ɗaga murya har mai kura ya ji.

"Allah gafarta malam, a shaida. Tumunin da ni ka samu ga gonar fadama tai, na bar shi. A ba ni matacciyar kwamfutar ga a matsayin rabona, gobe in kai ta Sakkwato da kaina."