Kebul Mai Tsawon Kamu Biyu

A layin shagunan kowa na da abin faɗa a kan Mai Hoto. Tela ya ce aikinsa ba makusa, bakinsa ne ba linzami. Mai kemis ta ce tunda take ba ta taɓa jin ya amsa laifi ba. Ko kofi ya fasa, teburi ne ya goce. Ƙanwarsa Auta ta shekara tara tana gyara hotuna a shagonsa. Wata takwas ke nan da hotunan marigayiya Innarsu suka ɓace daga kwamfutarta, ya tsaya gaban dangi ya ce sakacinta ne ya goge su. Yau za ta bar shagon.

Abu ɗaya ya rage. Ayyukan kwastomominta suna cikin babbar kwamfutarsa, sun fi ƙarfin a kwashe su a filash. Ta fito da kebul, ta soka baki ɗaya a bayan tata. Ɗaya bakin bai kai ba.

"Yaya, sai ka matso da teburinka."

"Duk kasuwa ba ki samu dogo ba, sai wannan wutsiyar ɓeran?"

"Shi na samu."

Tun ranar rigimar kowa ya kai teburinsa bango. Suka jawo su har gefe ya taɓa gefe. Ta ba kowace kwamfuta lamba don su gane juna, tasa ta ƙare da ɗaya, tata da biyu.

"Ko a nan ma ka riga ni," ta ce. "Sa kalmar sirrinka."

Ya kare da tafin hannu ya buga, sai ka ce ɓarauniya ce a gefensa. Allo ya nuna kwafar za ta ɗauki awa uku.

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, fanka na juya iska mai ɗumi. Sunaye na wucewa: auren 'yar direba, yaye ɗalibai, fasfo, fasfo. Ya yi hamma. Ta cire takalmi ta murza ƙafa. Da aka gama ta duba, ta ce aiki biyu ba su zo ba.

Ya ce, "Duba cikin Tarkace. Kwashe shi duka ma, ba ni da ƙarfin tone-tone."

Tarkace ma'ajiyarsa ce, babu mai leƙa ta sai shi. Ta danna. Sunaye suka sake gudu, can sai ga waɗanda ita ta raɗa da hannunta: Inna da tabarau. Inna tana dariya. Inna a gadon asibiti.

Ta buɗe ɗaya. Ga Inna ta ɗaga hannu tana korar kyamara.

Mai Hoto ya matso da fuska ya duba ranar da aka ajiye su. Kwana uku bayan rasuwa. Ya tuna: ranar ya sulale daga cikin masu gaisuwa ya zo shago, ya sa filash a kwamfutar Auta don ya samu nasa kwafin hotunan. Maimakon ya kwafa, ashe kwashewa ya yi gaba ɗaya, ya zuba su nan, ya kasa kallo, ya manta.

Auta ba ta dube shi ba. Ta jira na ƙarshe ya shige, ta sa takalminta, ta miƙa hannu za ta zare kebul. Ya riƙe ɗaya bakin.

"Saki, Yaya. Mai mota na jira."

Bai saki ba. Ya gyara murya sau biyu. A ƙofa Tela na tsaye, ya zo taya ta ɗaukar kaya.

"Shigo ka ji, Tela," ya ce. "Auta, ni ne. Ba ki goge komai ba, ni na kwashe su, na kuma ɗora miki a gaban mutane. Na zalunce ki. Don Allah ki yafe mini."